Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, an auna shi da kalmar interested da danginta

Duk malamin da ke duba rubutun masu koyon Turanci, da duk jami'in da ke karɓar takardun neman aiki, ya san wannan jimla: "I am interesting in this job." Mai rubutun so yake ya ce yana sha'awar aikin, sai alƙalami ya kai shi ga cewa shi kansa ne abin sha'awa. Ana jin wannan kuskure a duk inda ake koyon Turanci a matsayin harshe na biyu, kuma ba ƙananan ɗalibai kaɗai ke yin sa ba. Da wannan sifa da danginta, wato interested, interesting, uninterested da disinterested, za mu auna Oxford Advanced Learner's Dictionary, domin kalmomi ne da kowa ke zaton ya san su, kuma a kan irinsu ne ake gane ƙamus mai amfani.

Wanda ya assasa littafin, A. S. Hornby, malamin Turanci ne ɗan Ingila da ya daɗe yana koyarwa a Japan. Matsalar da ya sa a gaba ita ce ta ɗalibin da ya san ma'anar kalma sarai amma ya kasa saka ta a jimla, saboda yawancin ƙamusoshin wancan zamani an rubuta su ne don waɗanda suka tashi da Turanci a baki. Shi da abokan aikinsa biyu, E. V. Gatenby da H. Wakefield, suka fitar da shi a Tokyo a 1942, Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Wannan asali ne ke bin littafin har gobe. Bai damu da doguwar tatsuniyar inda kalma ta samo asali ba. Abin da ya dame shi shi ne inda kalma ke zama a jimla da kuma kalmomin da take tafiya tare da su.

Ana samun sa ta hanya uku: littafin takarda, shafin intanet da kowa ke iya buɗewa kyauta, da manhajar waya wadda sai an biya kafin a samu cikakkenta. Ma'anoni da misalai kusan ɗaya ne a dukkansu, bambancin yana ga yadda ido ke kaiwa gare su, kuma za mu zo nan.

Idan ka nemi interested a shafin intanet, abin da za ka fara gani shi ne alamar ɗan makulli da A1 a gefe. Makullin na nufin kalmar tana cikin jerin Oxford 3000, wato kalmomi 3,000 da masu ƙamus ɗin suka ɗauka su ne ginshiƙin harshen, kuma da su ake rubuta bayanin sauran kalmomi don kada mai karatu ya fita daga wani duhu ya faɗa wani. A1 kuwa shi ne matakin farko cikin matakai 6 na ma'aunin ƙwarewar harshe na Majalisar Turai, wanda ya tashi daga A1 zuwa C2. Ƙasa da wannan sai furuci iri biyu, na Ingila da na Amurka, kowanne da maɓallin da za ka taɓa ka saurara. Kada a tsallake wannan. Mutane da yawa suna ɗora nauyin murya a tsakiyar kalmar, alhali nauyin yana kan gaɓar farko ne, kuma a furucin Ingila da aka fi ji gaɓa 3 ce kawai, ana haɗiye wasalin da ke bayan t na farko. Ƙarshenta kuma ana furta shi "id" saboda ya biyo bayan t, saɓanin bored da ke ƙarewa da d zalla ba tare da ƙarin gaɓa ba.

Sai ma'anoni, kuma guda biyu ne. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: mai sha'awar abu, mai son ƙarin sani a kansa ko mai son yin sa. Ta biyu ita ce ake yawan wucewa ba a duba ba: wanda abu ya shafa, wanda zai ci moriya ko ya yi asara idan al'amari ya tafi ta wani gefe. A wannan ma'ana ce lauyoyi da 'yan kasuwa ke cewa "interested party", wato mai ruwa da tsaki. A riƙe wannan ma'ana ta biyu, domin ita ce mabuɗin disinterested.

Babban alherin littafin yana cikin 'yan kalmomin da ake rubutawa da baƙin rubutu mai kauri kafin kowane misali. A ƙarƙashin interested za ka ga tsari uku: "interested in something", "interested in doing something", da "interested to do something". Wanda ya karanta waɗannan layuka uku ya tsira daga kurakurai biyu a lokaci guda. Na farko shi ne saka "on" ko "for" ko "about" a gurbin "in". Na biyu shi ne barin aikatau tsirara bayan "in", kamar a ce "interested in buy", alhali duk aikatau da ya biyo bayan "in" dole ya ɗauki -ing, ya zama "interested in buying". Tsari na uku yana da tarko. Ganin "interested to do" a ƙamus na sa ɗalibi ya ɗauka kowane aikatau zai shiga nan, sai ya rubuta "I am interested to buy your car." Ba haka Turawa ke faɗa ba. Wannan tsari yana tafiya ne da aikatau na samun labari, irin hear, know, learn, see da read: "I was interested to hear the result." Idan abin da kake nufi niyyar aikata wani abu ne, kamar saye ko shiga ƙungiya ko karɓar aiki, "in" da -ing za ka yi amfani da su. Misalin da ƙamus ɗin ya bayar daidai ne, amma bai ja kunnen mai karatu a kan iyakar tsarin ba, kuma a ganina nan wuri ne da ya cancanci ƙarin layi ɗaya na gargaɗi.

Yanzu ga gundarin rikicin, wato -ed da -ing. Dukkan sifofin biyu daga aikatau ɗaya suka fito. A jimlar "History interests the boy" akwai ɓangare biyu: abin da ya jawo sha'awa, da wanda ya ji ta. Ɗafin -ing na ɓangaren farko ne, -ed na na biyu. Tarihi interesting ne, yaron interested ne. Mai jin Hausa ma yana da sa'a, domin harshensa ya riga ya raba masa su: muna cewa abin ban tsoro da jin tsoro, abin ban haushi da jin haushi, abin ban mamaki da jin mamaki. Duk inda za ka ce "ban", -ing ne. Duk inda za ka ce "ji", -ed ne. Haka frightening da frightened, annoying da annoyed, surprising da surprised, tiring da tired, confusing da confused suke. Wasu malamai kan saukaƙa wa ɗalibai su ce -ed na mutane ne, -ing na abubuwa, kuma wannan sauƙi ne mai cutarwa. Mutum na iya zama boring idan shi ke gundurar jama'a, kamar yadda zai zama bored idan shi aka gundura. Ɗalibin da ya ce wa malaminsa "I am boring" ya yi jimla mai cikakken nahawu, shi ya sa manhajar gyaran rubutu ba lalle ta ja masa jan layi ba. Ma'anar ce ta kife.

To, yaya ƙamus ɗin ya yi da wannan? Akwai wani akwati mai taken "Which Word?" da ke tara kalmomi masu rikitarwa wuri ɗaya, kuma dangin interested suna da nasu. Sai dai abin da akwatin ya fi ba ƙarfi shi ne kishiyoyin kalmar. Bambancin -ed da -ing ana tsamo shi ne idan aka jera ma'anar interested da ta interesting gefe da gefe aka karanta misalansu. Ga mai hankali a kan harshe wannan ya isa. Ga wanda ke gaggawar aika wasiƙa, bai isa ba, domin wanda ya rubuta "I am interesting in" bai san akwai abin dubawa ba tun farko. Abin da zai fargar da shi ƙaramin abu ne: a ƙarƙashin interesting ba zai tarar da tsarin "interesting in" ba ko sau ɗaya. Rashin tsari a cikin wannan ƙamus magana ce, kuma ya kamata kowane malami ya koya wa ɗalibansa karanta shirun.

Inda littafin ya yi fice shi ne kan kalmomin da suka saɓa wa ƙa'idar. Ba kowace -ed ce ke da abokiyar zama mai -ing ba. Abokiyar scared ita ce scary, ta impressed ita ce impressive, ta delighted ita ce delightful, ta offended ita ce offensive, ta stressed ita ce stressful. Babu wata ƙa'ida da za ta hango maka waɗannan, sai an duba. A nan littafin takarda ya fi waya, saboda idonka na kan impressed zai faɗa kan impressive a shafi ɗaya ko da ba ka nema ba. Shafin intanet yana da jerin kalmomin da ke maƙwabtaka da wadda ka nema, amma yana can gefe ko ƙasa, kuma ba kowa ke gangarawa ba. Haka nan ƙananan kalmomin da ke biyo bayan kowace sifa, waɗanda su ma babu ƙa'ida a kansu: interested na tafiya da "in", excited da worried da "about", bored da "with", surprised da "at" ko "by". Tired kuwa tana da fuska biyu: "tired of" ƙosawa ce, "tired from" gajiyar jiki ce bayan wani aiki. Duk waɗannan suna nan a rubuce da baƙin rubutu, kuma wannan kaɗai ya isa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mu zo ga disinterested, wadda ke kayar da Turawan kansu. Tun da interested tana da ma'ana biyu, kishiyoyinta ma biyu ne. Kishiyar mai sha'awa ita ce uninterested, wanda abin bai dame shi ba. Kishiyar mai ruwa da tsaki ita ce disinterested, wanda ba shi da moriyar da zai ci a ko wane ɓangare, saboda haka yana iya yin adalci. Idan aka ce alƙali disinterested ne, yabo ne: ba shi da ɗan uwa a cikin masu shari'ar, ba shi da hannun jari a kamfanin da ake ƙara. Idan aka ce uninterested ne, zargi ne: ana ba da shaida hankalinsa na wani wuri. Alƙali na gari yana iya zama interested a ma'ana ta farko, yana bin kowace kalma da kunnen basira, kuma ya zama disinterested a lokaci guda. Wanda ya fahimci cewa babu karo a tsakanin waɗannan biyu ya gama fahimtar kalmar. Shi ya sa aka fi ganin disinterested a gaban sunaye irin advice, observer da party, ita kuwa uninterested aka fi ganin ta bayan aikatau tana jan "in", kamar "He is uninterested in politics."

A ƙarƙashin disinterested, ƙamus ɗin ya kawo ma'anar rashin son kai a farko, ya jera mata takwarori irin impartial da unbiased, sannan ya kawo ma'ana ta biyu, wato amfani da disinterested a gurbin uninterested, ya nuna cewa a maganar yau da kullum ake jin ta, kuma akwai masu ɗaukar ta kuskure. Wannan gaskiya ce da ba a ɓoye ba, kuma ina yaba masa da bai yi kamar ma'anar ba ta wanzu. Ƙamus aikinsa ya faɗi abin da mutane ke faɗa, sannan ya faɗi yadda za a kalli wanda ya faɗa. Abin da bai ba da labarinsa ba shi ne dalilin da ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. A ƙarni na 17, lokacin da kalmomin biyu suka shigo Turanci, a juye suke: ana amfani da disinterested da ma'anar rashin sha'awa, uninterested kuma da ma'anar rashin son kai. Daga baya ne suka yi musayar gurbi. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka yana ba da wannan tarihi, kuma yana da amfani ga malami da ɗalibi zai tsare da tambaya, domin abin da ake kira kuskuren zamani ya girmi ƙa'idar da ake hukunta shi da ita. Ga mai rubuta jarabawa ko takardar ofis, hukuncin ba shi da wahala. A bar disinterested ga adalci kawai. Idan ana tsoron mai karatu zai fahimce ta a baibai, a rubuta impartial. Idan rashin sha'awa ake nufi, "not interested" ta fi kowacce sauƙi kuma ba mai yi mata gardama. A takardar shaidar hali musamman, inda kalma ɗaya ke iya hana mutum aiki, bai kamata a bar mai karatu yana canke ba.

Akwai wasu alamomi guda biyu da suka shafi kowace sifa, waɗanda ƙamusoshin fassara daga harshe zuwa harshe ba kasafai suke da su ba. Na farko alamar mazauni. Wasu sifofin Turanci ba sa zama gaban suna: afraid, asleep, alone da alive duk suna ɗauke da alamar "not before noun". Kana iya cewa "The child is afraid" amma ba ka cewa "an afraid child", sai dai ka koma ga frightened. Wasu kuma gaban suna kawai suke zama, irin main da mere, kuma alamarsu "only before noun" ce. An rubuta alamar da ƙananan baƙaƙe kusa da kan kalmar, inda ido ke saurin tsallakewa don ya kai ga ma'ana. Na biyu batun fifiko. Idan sifa tana ɗaukar -er da -est, ƙamus ɗin zai rubuta su a fili, kamar duller da dullest. Idan bai rubuta komai ba, to galibi more da most za a sa, saboda haka "more interesting" ake cewa. Sannan a tuna sifar Turanci ba ta bin jinsi ko adadi. Mu muna cewa farin doki, farar riga, fararen dawakai, sifa na sauya kama tana bin suna. A Turanci interesting ɗaya ce ko littafi ɗaya ne ko ɗari, ba a ƙara mata s.

Akwai kuma akwatin abokan tafiya, wanda ke nuna bayanau da suka dace da kalmar. Yana da daɗin aiki ga mai son rubutunsa ya wuce "very" a kowace jimla, domin a nan zai ga irin genuinely da particularly. A shafin kyauta ɗanɗano kawai ake bayarwa, cikakken jerin yana hannun masu biya. Wani abu da ya kamata a sani a wannan gaɓa shi ne sifofin da suka riga suka kai ƙololuwa, kamar fascinating, sun fi karɓar absolutely a kan very, kuma daga misalai ake gane hakan.

Nakasun ƙamus ɗin ba ɓoyayye ba ne. Komai da Turanci yake, saboda haka wanda ke matakin A1 na gaskiya, wanda shi ya fi kowa buƙatar a raba masa bored da boring, ba zai iya karanta bayanin shi kaɗai ba, sai da malami a gefe. A waya, akwatunan bayani kan zo a naɗe, sai an gangara an taɓa su kafin su buɗe, ga tallace-tallace a shafin kyauta suna raba hankali. Da yawa daga masu amfani da shi layin farko suke karantawa su rufe, kuma a layin farko babu abin da wannan ƙamus ya fi kowane ƙamus da shi. Littafin takarda kuwa yana da nauyi, baƙaƙensa ƙanana ne, ba ya magana, saboda haka sai ka koyi alamomin furuci kafin ya amfane ka ta wannan fuska. Yana da abokan gasa na ƙwarai: Longman Dictionary of Contemporary English da ƙamus ɗin Cambridge duk suna da shafukan kyauta masu irin wannan tsari, kuma na Cambridge yana haɗe da darussan nahawu da ke bayyana ƙa'ida dalla-dalla, abin da ya fi dacewa da mai neman a gaya masa dalili. Na Oxford ya fi ƙarfi wajen nuna tsarin jimla a taƙaice da tara kalmomi masu kama da juna a akwati ɗaya, irin economic da economical, historic da historical, sensible da sensitive, continual da continuous.

Hanyar da ta fi fitar da amfaninsa ga mai rubutu ita ce ya gama rubutunsa tukuna, sannan ya ja layi a ƙarƙashin kowace sifa da ta ƙare da -ed ko -ing. A kan kowacce ya tambayi kansa ko sunan da take bayyanawa shi ke bayarwa ko shi ke ji. Daga nan ya buɗe ƙamus ya duba abu uku a jere: alamar mazauni a saman kalmar, baƙin rubutun da ke nuna ƙaramar kalmar da ke bin ta, da akwatin da ke ƙasa idan akwai. A wasiƙa mai shafi ɗaya aikin 'yan mintoci ne.

Ɗalibin sakandare da na jami'a, da duk mai rubuta takardun aiki da Turanci, shafin kyauta zai ishe su kan wannan batu muddin za su riƙa gangarawa har ƙasa. Mai karatu a inda intanet ke yankewa, manhajar da aka biya ta fi masa, tun da ana sauke ta a waya. Malami kuwa littafin takarda ya kamata ya mallaka, don ya iya buɗe shafi ɗaya a gaban aji ya nuna interest, interested da interesting a jere. Wanda ke da bugu na 8 na 2010 ko na 9 na 2015 ba sai ya sayi sabo saboda sifofi ba: tsarin jimla da akwatunan bayani suna ciki, abin da zai rasa shi ne sababbin kalmomi da alamomin A1 zuwa C1 da aka saka a bugu na 10.